Ɗan Wasa Ma Baƙo Ne

 Na san wasu za su yi mamaki in suka ga yau na ɗauko zancen wasan besbol, wasan da yawancinmu ba mu taɓa zama mun kalla ba. To, a yi mini haƙuri. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ake kula da 'yan wasan bayan sun bar fili, don kuwa da na bi labarin sai na tuna ranar da na sauka a Sabon Ibadan, ba na jin Yarbanci ko na gaisuwa, ba ni da wurin kwana sai wanda maigidana ya ba ni.

Ga yadda abin yake. Babbar gasar MLB tana da kulob 30, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada. Kowane kulob yana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabinsu kuma a garin wasu, wato mutum yau yana wannan otal gobe yana wancan. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan gasanni inda ake renon matasa, kuma da yawa daga cikin matasan nan daga Jamhuriyar Dominikan da Benezuwela ake ɗauko su, wasu tun suna da shekara 16 suke sa hannu a kwantiragi. Yaro ya bar uwa da uba, ya bar abincin da ya saba, ya faɗa garin da ba a jin Sifaniyanci. Hausawa dai sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

A ganina, duk wanda ya raba yaro da gidansu don ya yi masa aiki, akwai abu uku da suka hau kansa: masauki, tafinta, da wanda zai saurari damuwarsa. Haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Mu fara da masauki. Shekara da shekaru 'yan ƙananan gasanni su ke neman wa kansu wurin kwana da ɗan abin da ake biyansu, sai ka tarar da mutum biyar ko shida sun cunkushe a gida ɗaya, wasu a katifar iska, wasu ma a mota. Sai a 2022 aka wajabta wa kulob-kulob su ba su masauki. A wannan shekarar ce kuma suka shiga ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, a 2023 aka ƙulla musu yarjejeniya ta farko, inda mafi ƙarancin albashi a matakin ƙasa ya tashi daga dala 4,800 zuwa 19,800 a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai tafinta. Tun zamanin Roberto Clemente 'yan jarida kan rubuta maganarsa yadda ya furta ta don a yi dariyar Turancinsa, amma sai a 2016 aka sa dokar cewa kowane kulob ya ajiye tafintan Sifaniyanci na dindindin. Mai karatu, in ka taɓa tsayawa gaban likita ko ɗan sanda kana da gaskiya amma bakinka ya kasa fitar da ita, ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ukun shi ya fi wuya, don ciwon zuciya ba ya fito da jini a gani. Zack Greinke, gwanin jifa, ya tattara kayansa ya bar sansanin atisaye a 2006 saboda ciwon damuwa da fargabar shiga jama'a. Kulob ɗinsa ya ba shi lokaci, ya nemi magani, ya dawo, a 2009 ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon masu jifa. A 2023 an sa 'yan wasa irin su Daniel Bard da Austin Meadows a jerin marasa lafiya saboda fargaba, kamar yadda ake sa wanda ya karye. Amma Tyler Skaggs bai samu wannan gata ba. A ranar 1 ga Yuli, 2019 aka tsinci gawarsa a ɗakin otal a Texas yana da shekara 27, bincike ya nuna ƙwayoyin kashe zafin ciwo masu ƙarfi da giya a jikinsa. Bayan rasuwarsa ne aka fara gwajin irin waɗannan ƙwayoyi, aka kuma amince wanda aka samu a fara kai shi magani kafin maganar horo.

Wani zai ce, ai masu kuɗi ne, mene ne na lallaɓa su? Wannan magana ta shafi ƙalilan ne da muke gani a talabijin. Mafi yawan waɗanda suka sa hannu ba sa taka babbar gasa ko sau ɗaya, alhali sai mutum ya yi kwana 43 a cikinta kafin ya cancanci fanshonta. Da kuɗin wasa na isar kowa, da ba a kafa asusun B.A.T. a 1986 don tallafa wa tsofaffin 'yan wasa da suka shiga halin ni-'yasu, cikin sirri ba tare da tona asirinsu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kusan duk gyaran nan bai zo ba sai da aka yi ƙorafi, ko aka je kotu, ko aka rasa rai. Ƙarar da 'yan ƙananan gasanni suka shigar kan albashi ma sai a 2022 aka sasanta ta a kan dala miliyan 185.

Mu a zango mun gaji tsarin maigida da baƙonsa tun kaka da kakanni: ya sauke ka, ya yi maka tafinta, ya tsaya maka in ta ɓaci. Don haka duk wanda ya ɗauko yaro daga gida ya sa shi a shago ko a kan babur, ya tambayi kansa: ina yaron nan yake kwana, kuma yaushe rabon da na tambaye shi abin da ke damunsa?

Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.