Siminti Ba Ya Shiga Miya

Ran nan wani abokina na lise ya iske ni durƙushe bayan ɗakin inna, ina cire haki cikin yakuwa. Ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai da ke shirin bak, mi ya kai ka aikin tsofaffi?" Ban tanka ba, hannuna duk taɓo. To ga amsa yanzu, shi da masu irin tunaninsa.

Duk faɗin Nijar babu yankin da ya kai Gaya samun ruwan sama, ga kogi a bakin ƙofa. Mutumin Tabelot, can cikin duwatsun Ayar, daga rijiya yake jawo kowane ɗigon ruwa, amma albasarsa har ƙasashen bakin teku take zuwa. Mu kuwa da Allah ya ba komi, sai a aiki yaro kasuwa sayen ganyen miya na dala ashirin, alhali tsakar gidan an shafe ta da siminti tun daga zaure har makewayi. Wai ci gaba kenan. Wanda ma bai gama ginin ɗaki ba, burinsa ya ga ya kashe ƙasar gidansa.

Mun manta da wuri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sa wa ƙasarmu takunkumi, gadar Malanbil ta rufe, hanyar Kamba ma haka. Garin da ya saba cin abinci daga kamiyo da tiransi ya wayi gari tsit. A Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, gadar kuwa ba ta buɗe ba, mutane sai ta kwale-kwale. A waɗannan watanni na ga matan da mazansu ke neman na cefane a bakin duwan suna sallama gidanmu, wai a ɗan tsinko musu zogale. Inna ba ta hana kowa ba. Wanda ya yi mini dariyar nan, ƙanwarsa na cikin masu zuwa.

Kada a yi mini ƙarya, ban ce garkar bayan ɗaki za ta ba ka hatsi ko shinkafa ba. Miya take rufa wa asiri. Amma lissafa dala ashirin ɗin nan ta kowace safiya har wata ya ƙare, kai da ka iya lissafi.

Za a ce ruwan famfo da tsada. Gaskiya ne. To ruwan alwala fa, da na wankin shinkafa, da muke kwararawa titi yana tara mana sauro? Ban da mai sabulu, duk shuka na so. Za a ce awaki. Yo ai ƙara da ƙaya ba su ƙare a Dandi ba. Ɗan haya ne kawai nake ji wa, don maigida na iya cewa kada a tona masa ƙasa. Shi ma tsohon buhun shinkafa ko bido da aka yanke, a cika da ƙasa da busasshen takin tumaki, ya isa ya riƙe tattasai. Da damina kuɓewa da yakuwa da lalo, da sanyi tumatir da salati. In ƙwari suka taso, a jiƙa ganyen dogon yaro a yayyafa.

Bayan farin 1984 Seyni Kunce ya tura jama'a noman rani, iyayenmu suka bi, har ma'aikata. Mu ɗiyan lakwal muna jiran wata ƙungiya ta zo da mota da allo da kuɗin zama kafin mu yarda cewa shuka ba abin kunya ba ce.

Abokina, irin kuɓewa na nan cikin gwangwani bisa tagar inna. Ka zo ranar Lahadi da safe, ka taho da buhu biyu.