Muryar da ba ta da maƙogwaro

Makon jiya ina zaune a rumfar wani mai cajin waya a Ajingi, sai wani matashi ya kunna mini waƙar biki. Na tambaye shi wace zabiya ce wannan. Ya kwashe da dariya, ya ce ai babu ita: baitocin ya rubuta a waya, manhaja ta rera.

Muryar garau take, babu shaƙewa, babu numfashi. Amma inda yaron ya nufi gari, wato Ajingi, sai ta rera mana garin tuwo. Dalilin a fili yake. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kunnen Bahaushe ne ke cike gurbin. Na'ura kuwa baƙaƙe kawai ta gani. Muka yi dariya, sai dai tawa ba ta kai ciki ba, domin irin wannan tuntuɓe gyaruwa yake yi da zarar an ɗura mata isassun muryoyinmu.

Abin ya daɗe a waje. Tun 2004 aka fara sayar da manhajar Vocaloid ta kamfanin Yamaha, a 2007 kuma Japan ta samu Hatsune Miku, mawaƙiyar da ba uwar da ta haife ta, amma ake biyan kuɗi a shiga kallonta. Yamaha ɗin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Fiyanonsa ne ya zaunar da masu kalangu da yawa lokacin da waƙoƙin nanaye suka mamaye situdiyon Kano. Yanzu layi ya zo kan 'yan amshi.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. A 2023 wani ya fitar da waƙar da na'ura ta kwaikwayi muryoyin mawaƙa Drake da The Weeknd ba da saninsu ba, kamfanin Universal ya sa aka sauke ta. To Drake yana da rai, yana da lauyoyi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, waƙoƙinsu kuma sun cika intanet, kuma su ne abincin da na'urar ke nema. Ga zaɓen 2027 na ƙaratowa. Ranar da dattijo a ƙauyen Gaya zai ji Shata a WhatsApp yana wasa ɗan takara, ko yana yi wa abokin hamayyarsa zambo, wa zai kare mamacin? Hukumar tace fina-finai ta Kano abin da aka kai mata take tacewa, wannan kuwa daga waya zuwa waya zai bi. A ganina magada da ƙungiyoyin mawaƙa ne ya kamata su fara magana, tun kafin a ji irin wannan waƙa ta farko.

Da zan tashi na tambayi yaron ko zai iya yi da muryar Shata. Ya ce bai gwada ba tukuna, amma ni ne na biyu da ya tambaya, kuma na farkon har farashi ya nema.