Kiristan arewacin kogin Kaduna da nauyin ƙaunar maƙwabci

Duk wanda ya san Kaduna kafin shekarar 2000 ya san cewa a da kogin nan ruwa ne kawai da ya ratsa gari. Rikicin Shari'a na watan Fabrairu da Mayun wannan shekara, wanda ya ci rayuka fiye da dubu, da kuma na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, su suka mayar da shi iyaka. Kiristoci da dama suka kwashe kayansu zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi kuma suka tsallako zuwa Rigasa da Tudun Wada da Kawo.

Amma ba kowa ne ya tashi ba. Daga Malali da Kawo har zuwa Katabu a kan hanyar Zariya, akwai Kiristocin da suka ci gaba da zama: tela, malamar makaranta, bakanike, ma'aikaciyar jinya. A wajen irin waɗannan ne ake ganin abin da bangaskiya ke yi wa mu'amala, fiye da a cikin coci ranar Lahadi. Wanda ke zaune cikin 'yan uwansa zalla yana iya rera waƙar ƙauna shekara da shekaru ba tare da an taɓa gwada shi ba. Na Katabu kuwa kullum sai an gwada shi: wajen ɗibar ruwa, wajen bashin mai shago, ranar da maƙwabci ya aiko da naman layya, da ranar da jita-jita ta ɓarke a WhatsApp cewa gari ba lafiya.

Kaduna na da misali a hannu, wato Fasto James Wuye. A ƙuruciyarsa yana cikin jagororin matasan Kirista masu ɗaukar makami, kuma a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren akwai Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu a rikicin. A 1995 wani ɗan jarida ya haɗa su, daga nan aka samu cibiyar sasanta mabiya addinai da suke jagoranta tare a Kaduna.

Yawanci a nan masu ba da labarin ke tafawa su wuce. Alhali abin lura yana gaba. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya shafe shekaru yana aiki tare da Ashafa, suna tafiye-tafiye har su kwana ɗaki ɗaya, amma zuciyarsa na raya masa ya danne shi da matashin kai. Yana fasto, yana wa'azi, yana halartar taron zaman lafiya, ƙiyayyar na nan daram. Abubuwa biyu ya ce sun karya ta: zuwan Ashafa duba mahaifiyarsa lokacin da take kwance a asibiti, da gargaɗin wani babban fasto cewa ba zai yiwu ya yi wa mutane wa'azin Almasihu yana ƙinsu ba.

Wannan gaskiyar da ya faɗa ta fi lambobin yabon da ya karɓa daraja. Ta nuna cewa zama Kirista bai wanke zuciya kai tsaye ba, kuma gafara ba ta zuwa a rana ɗaya. Ta kuma nuna wani abu da masu cewa addini ne tushen matsalar Kaduna ba sa son ji: bangaskiyar da aka yi amfani da ita wajen tura shi fagen fama, ita ce dai ta hana shi sakat har ya sauka. Bai rage addininsa don ya zauna lafiya da Musulmi ba. Har yau shi da Ashafa ba su yarda da juna a kan aƙida ba, kuma ba su ɓoye hakan.

Akwai tsada a ciki, kuma sau da yawa daga gida take fitowa. Kiristan da ya je ta'aziyya gidan liman, ko ya kai wa masu azumi kayan buɗa-baki kamar yadda Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha ya saba yi, zai ji maganganu daga nasa: ya sayar da kai, yana neman suna, ya manta waɗanda aka kashe. Bai kamata a raina masu wannan magana ba, domin wasunsu sun binne 'ya'ya. Sai dai labarin Basamariyen nan da ke babi na 10 na Linjilar Luka bai bar ƙofar zamewa ba, tunda wanda ya tsaya ya ɗauki mai rauni ɗan ƙabilar da ake ƙyama ne, malaman addini kuwa ratsewa suka yi.

Takarda ita kaɗai ba ta isa ba. A watan Agustan 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wata uku bayan nan gari ya sake kamawa da wuta. A irin waɗannan ranaku, labaran tsira da aka fi ji na maƙwabci ne da ya buɗe ƙofa ya ɓoye maƙwabcinsa, saboda ya san shi, ya san sunan 'ya'yansa, sun ci abinci a kwano ɗaya.

Shi ya sa ba adalci ba ne a ɗora nauyin duka a kan Kiristan da ya rage a arewacin kogi, kamar yadda ba adalci ba ne a ɗora shi a kan Musulmin da ya rage a kudu. Idan mai gida ya ƙi ba shi haya don sunansa Bulus, ko yara suka riƙa bin 'yarsa da kalmar arniya manya na kallo, to an gaya masa ya tafi ne ba tare da an furta ba. Kuma idan ya tafi, unguwar ce ta yi asara. Yaran da aka haifa bayan 2000 yanzu magidanta ne, kuma a ɓangarorin biyu akwai da yawa daga cikinsu da ba su taɓa zama benci ɗaya a aji da wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da suka sani game da mutanen tsallaken gada, a waya suka ji shi.