Maharbi da karensa: ina za su ya da zango?

Ranar Alhamis 27 ga Maris 2025, saura kwana uku Sallar Azumi, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi, cikin Jihar Edo. A cikinta akwai mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas suna komawa gida Kano, tare da karnukansu da bindigoginsu na toka. Aka ce masu garkuwa da mutane ne, gari ya taru, aka kashe mutum 16. Da dama daga cikinsu 'yan Torankawa ne a Ƙaramar Hukumar Bunkure. Bayan 'yan kwanaki Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je har ƙauyen. 'Yan sanda sun sanar da kama mutum 14.

An yi magana mai yawa a kan wannan ta'asa, kuma ta cancanci a yi. Akwai dai wata tambaya da ƙurar fushi ta rufe: mutumin da ke tafiyar kilomita fiye da dubu da karnuka biyar ko goma, a ina aka tanadar masa ya kwana? Wa ya san da zuwansa kafin ya iso, wa kuma zai tsaya masa idan aka tuhume shi? A yau babu wurin, babu mutumin. Otal ba ya karɓarsa, tashar mota ba ta son ganinsa, direban bas ba zai ɗauke shi ba. Abin da ya rage masa shi ne bayan tirela da gindin bishiya a bakin daji, wato daidai wuraren da mutanen gari suke tsammanin ganin ɓarawo.

Kafin a yi nisa, a faɗi abin da bai kamata ya shige duhu ba. Rashin masauki bai kashe kowa ba. Mutane ne suka yi kisa, kuma alhakin yana wuyansu. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zirga-zirga da zama a duk inda yake so cikin ƙasar, bai ce sai wanda ba ya tare da kare ba. Maganar masauki magana ce ta rage yawan ranakun da rayuwar matafiyi za ta rataya a kan zaton baƙin fuska.

Me ya kai maharbin Bunkure har Ribas? Amsar tana cikin gonakin da ke kewaye da gidansa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙasar nan ta sauya kama. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi, an tsara kashinsa na farko a kan kimanin hekta 22,000. Alheri ne babba: shinkafar Kura, tumatirin Kwanar Gafan, alkama, albasa, masara a tsakiyar rani. Amma ƙasar da ake nomawa damina da rani ba ta da saura, ba ta da kurmi, ba ta da inda zomo zai ɓuya balle gada. A da, idan aka kawar da amfanin gona, kaka ta wuce, rani lokacin farauta ne a dajin da ke bayan gari. Yanzu bayan gari fadamar wani ce, kuma wanda ya saki karnuka cikin tumatirin mutane ya sayi rigima da kuɗinsa. Falgore kuwa daji ne da doka ta killace, ba wurin farauta ba. Ta ɓangaren birni ma haka: Kumbotso, da Panshekara da Chalawa, masana'antu da filayen gidaje sun cinye abin da ya rage. Sana'ar ba ta mutu ba, nisa ta ƙara. Wanda kakansa yake fita da asuba ya dawo da la'asar, shi sai ya yi watanni a dazukan kudu.

Abin mamaki shi ne Bahaushe ya taɓa warware irin wannan matsala, kuma ya warware ta da kyau har kalmarsa ta zama sunan unguwanni a ƙasashen da ba nasa ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna tafiyar watanni da jakuna da alfadarai, kuma ba sa kwana inda dare ya yi musu kawai. Akwai zango sananne a kowane mataki, a wajen gari, kusa da ruwa, inda dabba za ta yi kiwo ba tare da ta shiga gonar kowa ba. Madugu ya san nisan da ke tsakanin wannan zango da na gaba, sarkin gari ya san ayari yana tafe, ana biyan abin da ake biya. Daga nan ne aka samu Zongo a Kumasi da Ankara da Kwatano. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, masanin nan Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda mai gida yake: shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, sannan, mafi muhimmanci, ya tsaya masa. Idan baƙo ya yi laifi mai gida ake nema. Idan aka zalunci baƙo mai gida ke zuwa fada. Har gobe mai goro da ke sauke kaya a kasuwar Mariri, nan cikin Kumbotso, yana cin gajiyar ragowar wannan tsari a can inda yake saro kayansa. Mai shanu ma yana da kara da shugabanninta a kusan kowane babban gari na kudu.

Maharbi ne kawai tsarin bai ɗauka ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kare. Mai gidan da zai sauki mai goro da murna zai yi jinkiri idan ya ga garken karnuka a ƙofarsa. A nan akwai wani saɓani tsakanin al'ada da karatu. Bahaushe yana ƙyamar kare, yana zagi da sunansa, alhali mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ita ce mafi sauƙi a kansa, domin tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma halaccin abin da horarren kare ya kamo yana cikin Suratul Ma'ida. Ajiye kare don farauta ko tsaron gona ko dabbobi ba abin da malamai suka yi saɓani a kai ba ne. Duk da haka unguwa ba da littafi take hukunci ba, da abin da ta saba take yi. Mai karnuka, ko a Sabon Gari na 'yan uwansa Hausawa, sau da yawa a gefe yake.

A Amurka, inda miliyoyin mutane ke fita yawon buɗe ido da tanti ko da motar da aka ƙera kamar ɗaki, tambayar "ina zan sauka da karena?" tsohuwar tambaya ce, kuma an mayar da amsarta doka da kasuwanci. A gandun dajin gwamnatin tarayya ƙa'ida ita ce kare ya kasance a ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa shida ba, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaure, mai shi kuma ya kwashe kashinsa. A Yellowstone ba a yarda kare ya hau hanyoyin ƙafa na cikin daji ba sam, iyakarsa bakin titi da wurin ajiye mota da sansanin kwana. Kamfanin KOA, wanda ya fara a Billings ta Jihar Montana a 1962, yana da sansanoni fiye da 500, kuma da yawansu suna da fili mai shinge inda ake sakin karnuka su yi gudu. Sansanoni da dama sukan nemi shaidar rigakafin ciwon haukan kare, wasu su ƙayyade yawan karnukan da mutum ɗaya zai shigo da su. Matafiyi yakan bincika duk wannan tun yana gida, ya kama wuri, a rubuta sunansa da lambar motarsa.

Ba a kawo wannan misali don a ce maharbin Torankawa da mai yawon shaƙatawa na Montana abu ɗaya suke yi ba. Ɗaya abinci yake nema, ɗaya hutu. Abin dubawa shi ne cinikin da ke ƙarƙashin tsarin: mai kare ya yarda da sharuɗɗa, su kuma masu wuri su ba shi inda zai kwana ba tare da fargaba ba, kowa ya san kowa. Wannan shi ne zangon fatake, an dai ƙara masa takarda da intanet.

Sharaɗin farko da ya kamata mafarautan Kano su karɓa da hannu biyu shi ne rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta cizon kare suke kamuwa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Karen farauta kuwa shi ne ya fi kowane kare haɗuwa da dila da sauran namun daji, sannan ya dawo gida cikin yara. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, ciwon yakan daina yaɗuwa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa allurar. Garin da ya ƙi saukar da karnuka ashirin da bai san lafiyarsu ba bai yi rashin hankali ba. Katin rigakafi mai ɗauke da sunan mai kare da garinsu da hatimin likitan dabbobi zai amfani 'ya'yan maharbin kafin ya amfani kowa, sannan ya zama shaida a hanya cewa mai shi sananne ne a wani wuri.

Na biyu ya fi ɗaci, domin ya shafi bindiga. Dokar makamai ta Nijeriya ta sa lasisin bindigar toka a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. To maharbin da zai ratsa Kaduna da Abuja da Kogi da Edo kafin ya kai inda za shi, da wace fuska ɗan sintirin ƙauye zai kalli takardar da aka buga a Kano, in ma ya iya karanta ta? Kuma a yi adalci: tsoron mutanen Edo ba ƙirƙira ba ne. Sace mutane a hanyar Auchi zuwa Benin da gonakin yankin abu ne da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Mutumin da aka sace masa ɗan'uwa a daji, idan ya ga baƙi da bindigogi sun sauko daga tirela, ba farauta ce za ta fara zuwa masa a rai ba. Abin da zai raba shi da wannan zato shi ne sanarwa tun kafin isowa: ƙungiyar mafarauta ta Bunkure ta rubuta sunayen masu tafiya da yawan karnuka da bindigogi, Sarkin Hausawan garin da za a sauka ya karɓa, ya kai wa ofishin 'yan sanda da basaraken wurin. A hanya bindigogi su kasance a ɗaure wuri ɗaya, ba harsashi, ba a kafaɗa ba.

Su ma mafarautan suna da nasu laifin da ba a so a faɗa a lokacin makoki. Farautar gayya ta daɗe da suna wajen ƙona daji, tattake shuka, da faɗa tsakanin ƙungiyoyi a kan wanda karensa ya fara kama nama, har a zubar da jini. Manomin Kura da ya kashe kuɗin taki da fetur a kan albasa ba ya marhabin da su fiye da manomin rogo na Esan. Duk zangon da za a kafa, sai ya zo da wanda za a kama idan an yi ɓarna, da hanyar biyan diyya. Wannan shi ne aikin Sarkin Dawa ko Sarkin Baka tun asali, kafin sarautar ta koma ta rawani da kiɗan gangi ranar hawa.

Akwai haɗari a cikin shawarar, kuma duk wanda ya taɓa bin motar shanu daga Wudil zuwa kudu ya san shi. A Nijeriya kowace sabuwar takarda sabon shinge ce. Katin da aka yi don kare maharbi yana iya zama dalilin tatsarsa a kowace mararraba, wanda ba shi da shi kuma a ɗauke shi tamkar ya amsa laifi. Saboda haka bai kamata abin ya fara da doka daga Abuja ba, da hukuma sabuwa da kaki da kasafin kuɗi. Ya fara daga inda mutanen suke: ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Rano da Kibiya, sashen dabbobi na ma'aikatar gona, da shugabannin mafarauta. Allura kyauta sau ɗaya a shekara, a ce ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware don wannan ciwo, wadda ta faɗo daf da kaka, kafin a fara shirin tafiya. Rajista a littafi ɗaya a fadar hakimi. Sannan yarjejeniya da Sarakunan Hausawa na garuruwa huɗu ko biyar da ke kan hanya, irin su Lokoja da Okene da Auchi, kowanne ya nemi fili a gefen kara ko bayan tashar tireloli, mai ruwa da shinge da rumfa, inda mutum goma da karnukansu za su kwana a kan kuɗi kaɗan.

Filin da ake magana bai kai girman gonar albasa ɗaya ta Kadawa ba. Gwamnatocin Kano da Edo sun riga sun zauna tare a kan wannan batu, a zaman makoki, kuma lambobin wayar juna suna hannunsu. Mafarautan Bunkure kuwa ba su daina tafiya ba, domin dajin da ya kore su daga gida bai dawo ba. Da zarar an girbe shinkafar damina, wasu za su sake tsayawa a bakin titin Zariya da buhunansu da karnukansu, suna jiran direban tirelar da zai yarda ya ɗauke su.