Mdou Moctar ya sassauta kiɗansa: neman kasuwa ne ko kewar gida?

Duk wanda ya saurari "Funeral for Justice", kundin da Mdou Moctar ya fitar a watan Mayun 2024, ya san amon jitarsa mai lantarki: kamar hadarin farkon damina, ga ganguna na bin ta a guje. A ƙarshen Fabrairun 2025 sai ga "Tears of Injustice", waƙoƙin nan dai aka sake rerawa da jitar katako da muryoyi a kwance. Kamfani ɗaya ne ya fitar da su, wato Matador na Amurka.

Idan makaɗan rock suka rage ƙara, abin da ake fara zarginsu da shi shi ne kwaɗayin masu saye. A nan zargin bai zauna ba. Abin da ya ɗaukaka wannan bahagon ɗan jihar Tahoua a Turai da Amurka, tun daga "Ilana" na 2019 zuwa "Afrique Victime" na 2021, shi ne zafin hannunsa, har ana kwatanta shi da Jimi Hendrix. Wanda ya ajiye abin da ake tururuwar biyan kuɗi a gani, da wuya a ce kasuwa yake bi. Hasali ma kasada ya yi, domin a fagen kiɗan Abzinawa mai sanyi, Tinariwen na Mali da Bombino na Agadez sun riga shi shimfiɗa tabarma.

Yadda aka naɗi kundin ya fi bayyana dalili. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya riske su suna zagayen wasanni a Amurka. An rufe iyakoki, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, ƴan Nijar ukun da ke ƙungiyar, Mdou da Ahmoudou Madassane da Souleymane Ibrahim, suka rasa hanyar komawa gida. A wannan zaman jiran ne suka shiga ɗakin naɗar sauti a Brooklyn tare da abokinsu Ba'amurke Mikey Coltun. Mutumin da iyalinsa ke Nijar yana bin labarinsu ta waya, ba mamaki hannunsa ya yi sanyi a kan tsirkiya.

Sassaucin ya fito da kalmomi fili. A kundin farko, wanda bai jin Tamajak zai iya rausayawa ya tafi bai san ana kukan ɓacewar harshen a "Imouhar" ba. Yanzu murya ce a gaba. "Oh France" kuwa, wadda aka tsara tun kafin juyin mulki, ta fito a sabuwar sigarta bayan sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, don haka kunnen ɗan Nijar ba zai ji ta yadda ya ji ta da farko ba.

Wannan ma ba shi ne karon farko da ya sauya launi ba. A Sakkwato ya naɗi "Anar" a 2008, da muryar na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds.

Inda gizo ke saƙar shi ne gida. Kamfanin da kuɗin da manyan dandamalin duk suna waje, kuma a tashar motar Maraɗi ko Damagaram sai ka daɗe kana tambaya kafin ka samu wanda ke da waƙar Mdou a wayarsa. Ƙaramar lasifikar waya kan mayar da jitar lantarki hayaniya, ta katako kuwa tana fita tas. Ko wannan zai sa kundin ya shiga shagunan masu tura waƙoƙi, ya danganta da ko ƙungiyar za ta nemi masu sauraron kudu yadda take neman na New York.