Wa ke tambayar mace ko ta samu barci?

Kowace safiya muna cewa "ina kwana", a amsa mana "lafiya lau". Mu ce "ina gajiya", a ce "ba gajiya". Gaisuwa ce kawai. Da za a amsa da gaskiya, da mata da yawa sun ce ba su runtsa ba.

Ni malamin lakwal ne. A ajina na CM2 akwai wata yarinya da kullum kafin ƙarfe goma kanta na bisa tebur. Na sha yi mata faɗa, na sha tsayar da ita. Ranar da na kira uwarta na ji kunya. Yarinyar na tallan tuwo har bayan isha'i, ta wanke kwanoni, da asuba a tashe ta ɗibar ruwa. Uwar kuwa da goyo ta zo, idonta jajur. Na ce, "Baba, ke fa, yaushe kike kwanciya?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, mace tana da lokacin barci ne?"

Da na koma gida na lura da nawa gidan. Ni nake fara kwanciya, uwar 'ya'yana ce ta ƙarshe. Yaro ya yi kuka, ita. An ɗauke wuta cikin zafin Afrilu, ita ke fifita. Azumi ya zo, ita ke tashi dafa sahur.

Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, matashi kuma 8 zuwa 10. Rashin barci ya fi kama mata bisa maza, domin al'ada da ciki da shayarwa da ɗaukewar haila duk suna taɓa shi. A Nijar, inda haihuwa ke cikin mafi yawa a duniya, mace na iya shekara goma ko fiye tsakanin ciki da goyo ba ta san barcin dare cikakke ba.

Akwai kuma cututtukan da muke yi wa wata fassara. Wata da ta kwanta sai ƙafafunta su riƙa tsikari kamar tururuwa na yawo ciki, ba ta samun sauƙi sai ta motsa su. Sau da yawa wannan na da nasaba da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma ya fi tsananta a watannin ƙarshe na ciki. Wata tana minshari mai ƙarfi, numfashinta ya tsaya ya dawo, ta wayi gari da ciwon kai da kasala. Wannan na tafiya tare da hawan jini, yana kuma ƙaruwa bayan haila ta ɗauke. Mai jego da ta kasa barci ko da jariri ya yi shiru, ga kuka ba dalili, tana iya zama cikin ciwon damuwa na bayan haihuwa. Duk waɗannan suna da magani, amma mu sai mu ce ragwanci ne, ko shagwaɓa, ko iska.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙwayar sa barci da ake saye wajen masu tallan magani bakin hanya. Jiki na sabawa da ita, ranar da babu ita kuma ido ya bushe.

Gyaran daga gida zai fara. Maigida, idan jariri ya sha nono ya ƙi kwanciya, karɓe shi, ba abin kunya ba ne. A bar mace ta yi ƙailula ba tare da gori ba. A rage shayi da goro da yamma, a ajiye salula in an hau gado. Iyaye, a sauke wa 'yan mata tallan dare. Ungozomomi a wurin awo, bayan gwajin jini ku ƙara da tambaya ɗaya: "Kina samun barci?" Wadda ta yi makonni ba ta samu ba, a kai ta likita.

Ni dai na daina tsayar da yarinyar nan. Mun yi magana da uwarta, an rage mata talla ranakun karatu, yanzu har hannu take ɗagawa a aji.