Sharhi: Me Ya Sa Yarjejeniya Ba Ta Kashe Wutar Yajin Aiki A Jami'ar Taraba?

A farkon watan Disamba na 2024, reshen Ƙungiyar Malaman Jami'o'i ta Ƙasa, ASUU, na Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo ya tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani. Karatu ya tsaya cak har zuwa watan Janairu na 2025, lokacin da aka janye yajin bayan gwamnatin jihar da ƙungiyar sun cimma matsaya a rubuce.

Koke-koken malaman sun haɗa da rashin tsayayyen tsarin fansho a jami'ar da aka kafa tun 2008, zamanin marigayi Gwamna Danbaba Suntai, da bashin alawus-alawus na ƙarin aikin koyarwa, da albashin da ya maƙale, sai kuma rashin majalisar gudanarwa. Galibin waɗannan buƙatu sun girmi gwamnati mai ci, kuma an sha zama a kansu a baya. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me ke sa a sa hannu a takarda, a tashi taro ana murna, sannan bayan wani lokaci a koma gidan jiya?

Najeriya ba ta rasa doka a kan wannan batu ba. Dokar Sasanta Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta shimfiɗa matakai dalla-dalla. Da farko ɓangarorin biyu su nemi sulhu a tsakaninsu, ko ta hannun mai shiga tsakani da suka amince da shi. Idan abin ya faskara, Ministan Ƙwadago ya naɗa mai sasantawa, daga nan sai Kwamitin Sulhu na Masana'antu, a ƙarshe kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sai dai a aikace, sau da yawa ba a tunawa da waɗannan matakai sai an riga an garƙame ƙofofin azuzuwa.

Babban gibin yana cikin ƙarfin ita kanta yarjejeniyar. Kotunan Najeriya sun daɗe suna ɗaukar yarjejeniyar ƙungiya da ma'aikatarta a matsayin alkawarin mutunci, wanda ba a tilasta cika shi sai idan an shigar da shi cikin sharuɗɗan aikin ma'aikaci. Dokar 1976 ta ba Ministan Ƙwadago ikon mayar da yarjejeniyar da aka ajiye a ofishinsa ta zama wajibi, kuma gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata hurumin fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi. Duk da haka, ƙungiyoyi sun fi dogara da yajin aiki, domin sun ga shi ne harshen da hukumomi suka fi saurin ji.

Abin da ya faru a matakin tarayya ya isa misali. Yarjejeniyar Gwamnatin Tarayya da ASUU ta 2009 ta tanadi a riƙa sabunta ta duk bayan shekara uku. An kafa kwamitoci ɗaya bayan ɗaya, daga na Wale Babalakin zuwa na Farfesa Munzali Jibril, da na marigayi Farfesa Nimi Briggs, da na Yayale Ahmed. A tsakiyar wannan jan ƙafa ne aka yi yajin aikin 2022 na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Umarnin kotu ne ya mayar da malamai aji, gwamnati kuma ta riƙe albashinsu bisa sashe na 43 na dokar, wanda ya ce ba aiki, ba biya. An buɗe jami'o'i, amma tushen rigimar bai kau ba a lokacin.

Jami'o'in jihohi suna da tasu sarƙaƙiyar. Dokokin ƙwadago na hannun Majalisar Dokoki ta Ƙasa ita kaɗai, alhali kuɗin tafiyar da jami'ar jiha daga baitulmalin jihar yake fitowa. Saboda haka gwamnoni kan ce abin da aka ƙulla a Abuja bai ɗaure su ba, malamai kuwa su ce aikinsu ɗaya ne da na takwarorinsu na tarayya. Ko a Abujar ma, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025, saboda ƙananan hukumomi ba su aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

A Taraba, Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimi kyauta a makarantun firamare da sakandare, ya kuma rage rabin kuɗin makaranta a jami'ar jihar bayan hawansa mulki a 2023. Iyaye sun yi na'am da matakin. Amma rage kuɗin makaranta na nufin raguwar abin da jami'a ke tarawa da kanta, kuma dole gwamnati ta cike wannan gurbi daga aljihunta. In ba haka ba, sauƙin da aka yi wa ɗalibi a wurin rajista zai dawo masa a matsayin watannin zaman gida.

Hasarar ɗalibai ba ta tsaya ga ɓata lokaci ba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa hidimar ƙasa, kuma kuɗin hayar ɗaki ba ya jiran a janye yajin aiki.

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Domin a sauke wannan kaya, ya kamata duk yarjejeniyar da aka ƙulla a Jalingo ta fayyace adadin kuɗi da ranar biya, a kuma sanya ta cikin kasafin da Majalisar Dokokin Jihar za ta amince da shi. Ya kamata a ajiye ta a Ma'aikatar Ƙwadago domin ta samu ƙarfin doka, a kuma tabbatar majalisar gudanarwa, wadda ita ce uwar gijiyar ma'aikatan jami'a, tana zama a kai a kai. Ita ma ƙungiyar akwai nauyi a kanta na bin matakan sulhu tun da wuri, da bayyana wa jama'a abin da aka biya da abin da ya saura, domin iyaye su san inda aka kwana.